Zaɓin sayarwa a kasuwar hannun jari: abin da ya kamata ka sani

Mene ne shi?

Abin da 'yan kasuwa ke kira put option yarjejeniya ce da ke ba ka damar sayar da hannun jari a kan farashin da aka tsayar tun yau, kafin wani wa'adi ya cika. Dama ce, babu tilas. In ka ga riba ka yi amfani da ita, in ba ka gani ba ka bar ta. Sai dai damar ba kyauta ba ce, akwai kuɗin da za ka biya tun farko, kuma ba a mayar da shi. Ka ɗauke shi tamkar kuɗin inshora.

Yaya yake aiki?

A kasuwannin Amurka, yarjejeniya ɗaya yawanci ta ƙunshi hannun jari 100. A ce kana da guda 100 na wani kamfani, kowanne dala 50, kana kuma fargabar faɗuwarsu. Sai ka sayi damar sayarwa a kan dala 50 na tsawon wata uku, ka biya dala 2 kan kowanne, jimla dala 200.

Idan farashin ya faɗo zuwa dala 40, kai za ka sayar a kan 50. Ka tsira daga asarar dala 1,000 ke nan, da dala 200 kacal. Idan kuwa ya haura zuwa 60, wa zai sayar da arha? Sai ka bar wa'adin ya wuce, kuɗin da ka biya ya tafi, hannun jarinka na nan.

Wasu ba su mallaki hannun jarin ba ma, suna sayen damar ne don hasashen faɗuwa. A misalinmu, irin wannan mutum ba zai ga riba ba sai farashi ya sauka ƙasa da dala 48, kuma kafin wa'adi. Nan sababbin shiga suka fi ƙonewa, domin darajar damar tana zaizayewa yayin da wa'adi ke matsowa.

Wa ke ɗauke da haɗarin?

Mai saye ya san iyakar asararsa, wato abin da ya biya. Wanda ya sayar masa da damar kuwa dole ya karɓi hannun jarin a kan dala 50, ko da sun koma dala 5. A ganina, ɗan koyo bai da abin yi a wannan ɓangare.

Ya matsayinsa a shari'a?

Kasuwar Shikago ta fara cinikin wannan zaɓi a 1977. A 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa irin wannan yarjejeniya ba ta halatta ba, saboda abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma wani amfani na zahiri ba. Kafin ka sa ko sisi, ka tuntuɓi malamin da ya san mu'amalar kuɗi, ka kuma tabbatar dillalinka na da rajista da hukuma.