Birkin da ba ya jiran ƙafar direba: Yadda ƙananan tirelolin yawon shaƙatawa ke tsayar da kansu

A ƙasashe irin su Birtaniya da Jamus da Ostireliya, da zarar lokacin hutu ya zo, sai manyan hanyoyi su cika da motoci masu jan ƙananan ɗakuna masu tayoyi, waɗanda iyalai ke kwana a ciki idan sun fita yawon shaƙatawa. Motar gida ce ke jan irin wannan tirela da ƙugiya.

Haɗarin yana wajen tsayawa. Idan direba ya taka birki, mota za ta rage gudu, amma nauyin da ke bayanta yana nan tafe. Yana iya ingiza motar gaba, ko ya sa tirelar ta karkace ta bugi gefenta.

Shi ya sa dokar Birtaniya ta ce duk tirelar da nauyinta da kayanta ya haura kilo 750 dole ta kasance da nata birkin. Mafi yawan ƙananan suna amfani da wanda ake iya kira birkin turi.

Yadda yake aiki

Sirrin yana jikin ƙarfen da ya haɗa tirela da mota. Bakinsa ba a kafe yake ba, yana iya zamewa ciki kaɗan.

Idan mota ta rage gudu, tirelar sai ta turo gaba ta danne wannan baki. A Turai, motsin kan ja sandar ƙarfe da wayoyin da ke matse birkin tayoyi. Kamfanonin Jamus irin su AL-KO da Knott sun shahara da wannan samfuri. A Amurka kuwa, an fi amfani da mai famfo, inda dannawar ke tura man birki ta cikin bututu zuwa tayoyi.

Wato nauyin da ke barazanar jawo haɗari, shi ne ke taka birkin. Gwargwadon ƙarfin turi, gwargwadon ƙarfin kamu. Da direba ya sake ba mota wuta, ƙarfen ya miƙe, birkin ya saki. Akwai kuma ɗan ƙaramin shokozoba a ciki da ke hana shi fizga a kan kowane rami.

Inda gizo ke saƙar

Wannan birki abu ɗaya ya sani, wato turi, bai kuma san dalilinsa ba.

Idan direba ya sa ribas, mota ce ke tura tirela, sai birkin ya kama. A Turai ana sa wata dabara a cikin tayoyi da ke sakin sa idan sun juya baya. A Amurka wasu na soka ɗan ƙarfe da hannu, wasu kuma na da makulli da ke aiki da wutar fitilar ribas. Wanda ya manta bai zare ƙarfen ba, zai hau hanya ba birki a bayansa.

A doguwar gangara ma, tirela kan kwanta a kan mota, birkin ya yi ta gugar kansa har ya yi zafi ya rage kamu. Don haka ake so direba ya sauka a hankali, ya kuma tsaya tayoyin su huce idan gangarar ta yi tsawo.

Haka nan idan tirela ta fara lilo hagu da dama, direba ba shi da hanyar taka mata birki ita kaɗai, saɓanin birki mai lantarki da ake sarrafawa daga cikin mota. Shi ya sa doka ta yi masa iyaka: kilo 3,500 a Birtaniya, kilo 2,000 a Ostireliya.

Idan ƙugiya ta zame fa?

Akwai wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota. Idan tirela ta ɓalle, wayar za ta fizge birkin ya kama, don kada ta bi titi ita kaɗai ta afka wa mutane.

Kafin kowace tafiya, ana duba wannan waya, a shafa wa ƙarfen mai zamewa giris, a kuma leƙa man birki idan mai famfo ne. Tirelar da ta yi watanni a ajiye, tsatsa na iya kafe ƙarfenta, kuma direba ba zai gane ba sai ranar da ya taka birkin gaggawa.