Rage Kaya Kafin Ƙaura: Jagora ga Dattawa Masu Shirin Komawa Gida

Garin Kafancan ya bunƙasa ne saboda jirgin ƙasa. A cikin 1927 hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya zama mararraba. Tun daga lokacin ma'aikata suke zuwa daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan, su zauna a gidajen reluwe da na gwamnati da na haya, su hayayyafa, su tara kaya. Amma zaman aiki yana da iyaka. Yawancin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna yin ritaya idan sun kai shekara 60 da haihuwa, ko sun cika shekara 35 suna aiki. Daga nan sai a bar gidan aiki a nufi gida, wani Fadan Kaje ko Zonkwa a ƙasar Bajju, wani Kagoro ko Kwoi, wani kuwa Kano ko Inugu.

Sau da yawa gidan da za a koma bai kai wanda aka bari girma ba, yara sun watse, ƙarfi kuma ya ragu. Dattijon da ya bar shirya kaya sai ran da mota ta tsaya a ƙofa, shi ne yake biyan kuɗin dakon tarkacen da ba zai sake amfani da su ba, shi ne kuma takardunsa suke salwanta a cikin hargitsi. Saboda haka wajibi ne mai kaya ya tantance kayansa da kansa, tun yana da lokaci da lafiya.

LOKACIN FARAWA

Da sanyin safiya ake kama fara. Ya kamata a soma aikin wata shida kafin ranar tashi, a riƙa ɗaukar ɗaki ɗaya ko akwati ɗaya a mako, ana hutawa. A kudancin Jihar Kaduna damina takan fara wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma hanyoyin ƙauyuka sukan lalace a tsakiyarta. Ya fi kyau a sa ranar tashi tsakanin Nuwamba da Maris, don kada katifa da hatsi da littattafai su jiƙe a bayan mota.

TAKARDU TUKUNA

Kafin a taɓa kujera ko tukunya, a fara tattara takardu wuri guda: takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta ritaya, da katin shaidar ɗan ƙasa, da takardun banki da na asibiti, da takardun fili ko gona. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 don kula da masu fansho na tsohon tsari, takan nemi irin waɗannan takardu wajen tantancewa. Waɗanda ke cikin tsarin adashen fansho da aka soma a 2004 su ma suna bukatarsu wurin kamfanonin da ke riƙe da kuɗinsu. A yi wa kowace takarda hoto biyu, a ba wani amintacce ajiyar ɗaya. Na ainihin kuwa a sa su cikin leda, a kulle a adaka, domin gara da ɓera da laima ba su san darajar takarda ba. Ranar tashi adakar ta zauna kusa da mai ita.

A AUNA GIDAN DA ZA A KOMA

A je a ga ɗakunan da ido, a auna tsawonsu da faɗinsu da faɗin ƙofa, ko da igiya ce. An sha kai kabad ko gado ƙauye ya ƙi shiga ƙofa, ya ƙare a tsakar gida ruwa yana dukansa. A kuma bincika ko akwai wutar lantarki tsayayya kafin a ɗauki firji. Ɗakin tsoho yana bukatar fili, domin tuntuɓe da kaya cikin dare yana jawo karayar ƙugu, wadda ba ta saurin warkewa ga mai shekaru.

A RABA KAYA KASHI HUƊU

1. Na tafiya. Abin da ake amfani da shi yau da kullum: gado, tufafin sawa, tukwane daidai yawan masu cin abinci a yanzu, da kayan noma idan za a koma gona.

2. Na kyauta. Kwalla da tasoshin da aka saya lokacin da gida yake cike, keken ɗinki, littattafan yara da suka girma. Akwai 'ya'ya da jikoki, akwai makarantu da coci da masallaci da gidan marayu.

3. Na sayarwa. A sayar tun da wuri ta hannun dillali amintacce, domin mai sayarwa ranar tashi ba ya iya tayawa. Tsohon ƙarfe da rediyon da ya mutu a kira 'yan gwangwan su saya.

4. Na zubarwa. Magungunan da wa'adinsu ya wuce, ragowar maganin ƙwari, da tsummoki. Kada a ba kowa tsohon magani, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi.

Duk abin da aka shekara biyu ba a nema ba, da wuya a neme shi a sabon gida. Hotuna da lambobin yabo da kayan da aka gada daga iyaye ba sa cikin wannan lissafi. A ware musu akwati ɗaya, a rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto a bayansa, don jikoki su san asalinsu. Kayan ɗakin uwargida nata ne, ita ce mai cewa a ɗauka ko a bari. Haka nan 'ya'ya masu taimako kada su zubar da kome a ɓoye.

KYAUTA A GABAN SHAIDU

Rabon kaya yakan haddasa gaba tsakanin 'yan'uwa idan an yi shi a asirce. Abu mai daraja, kamar fili ko mota ko zinariya, a bayar da shi a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu. A mazhabar Malikiyya, idan mai kyauta ya rasu kafin wanda aka ba ya karɓi abin, kyautar takan koma cikin gado, wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya. Wanda zai rubuta wasiyya bisa dokar ƙasa yana bukatar shaidu biyu, kuma ya dace ya nemi shawarar lauya.

RANAR TASHI

A biya kuɗin wuta da na ruwa da na haya, a karɓi rasit. A rubuta abin da ke cikin kowane kwali a jikinsa. Maganin da ake sha kullum, da tabarau, da tocila, da tufafin kwana uku su kasance cikin jakar hannu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya karɓi takardar likitansa zuwa asibitin da ya fi kusa da sabon gida. Ɗaukar kaya masu nauyi aikin samari ne. Bayan an kwashe, a duba gidan tare da mai shi ko jami'in gidaje, a miƙa makulli, a karɓi takardar shaidar an bar gida lafiya.