Ma'aikatan banki a aji: Irin darasin kuɗin da Gure ke buƙata

A duk watan Maris, manyan jami'an bankunan Najeriya kan bar ofisoshinsu su shiga azuzuwan makarantun sakandare domin koya wa ɗalibai tanadi, tsara kasafi da bambanta buƙata da sha'awa. Suna yin haka ne a ƙarƙashin Kwamitin Shugabannin Bankuna da Babban Bankin Najeriya ke jagoranta, a cikin Makon Kuɗi na Duniya wanda aka fara a 2012. Sukan sake komawa makarantun a ranar 31 ga Oktoba, Ranar Tanadi ta Duniya.

A Jamhuriyar Nijar buƙatar irin wannan aiki ta fi tsanani. Binciken Findex na Bankin Duniya na 2017 da na 2021 duk sun nuna cewa manyan da ke da asusun banki ko na waya a ƙasar ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. A 2016 ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin shigar da jama'a harkar bankuna, wanda Babban Bankin BCEAO ke kula da shi, kuma ilimin kuɗi na cikin ginshiƙansa. Bankin na da reshe a Damagaram. Sai dai daga Damagaram zuwa Gure tafiya ce ta fiye da kilomita 150 a kan hanyar Diffa, kuma darasin da aka tsara a Yamai sai an sake masa kama kafin ya yi amfani a can.

Dukiyar da ke tafiya da ƙafafu huɗu

Mutanen Gure, Barebari da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, sun daɗe da sanin tanadi. Makiyayi na ajiyarsa a raƙumi da saniya, mace na ajiyar tata a akuya. Mai lambu a kwari na lissafin dabino, wasu kuma na dogaro da kanwa. Ranar da larura ta taso, sai a kora dabba kasuwar Subdu ko ta Gidigir.

Matsalar wannan ajiya ita ce fari. Shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci kowa na sayarwa a lokaci guda, farashin dabba ya faɗi, na hatsi ya hau. Wanda ya rage garkensa da wuri ya adana kuɗin a wuri mai aminci, shi ke iya sayen gero da dusa har damina ta sauka. Ma'aikacin bankin da ya fara bayaninsa daga nan zai samu masu sauraro.

Haka batun lissafi yake. Takardar banki na cewa sefa 500, kasuwa na cewa dala ɗari. Takarda na cewa 1,000, kasuwa na cewa jika. Ga kuma naira da ke yawo a kasuwannin yankin, wadda faɗuwar darajarta tun 2023 ta cinye ribar fatake da dama. Darasin da aka bayar da Faransanci zalla, ba Hausa ba Barbarci, a bakin ƙofar aji zai tsaya.

Abin da mata suka riga suka koyar

Ɗaya daga cikin fitattun tsare-tsaren tanadi na duniya a Nijar aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashen gargajiya. Mata kan haɗu duk mako su zuba abin da suka yi yarjejeniya a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban. Ana ba mamba rance a gaban kowa, a ƙarshen zango a raba uwa da riba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Sirrinsa shi ne kowa na ganin kuɗinsa da idonsa. Banki kuwa sai an yarda da shi, kuma yardar ta samu rauni bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS da UEMOA ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, dogayen layuka da taƙaita abin da mutum zai iya cira. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Haƙƙoƙin da ba kowa ya sani ba

A nan ne ma'aikacin banki mai aikin sa-kai ke da abin faɗi. Tun watan Oktoban 2014 BCEAO ta wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka 19 kyauta, ciki har da buɗe asusu da rufe shi. Dokar yankin ta kuma sanya iyaka ga kuɗin ruwan da banki ko ƙaramar cibiyar bashi za su ɗora wa mai rance. Akwai asusun lamunin ajiya na yankin, wanda ke biyan masu ajiya zuwa wani adadi idan banki ya durƙushe. Ga masu gudun riba kuma, akwai Bankin Musulunci na Nijar da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko.

Sai batun zamba. Waya ta kai kuɗi ƙauyukan da reshen banki bai je ba, ta hanyar Airtel Money da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza. Ta wannan hanyar ce kuma 'yan damfara ke kira suna neman lambar sirri, ko su yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Rushewar MMM a Najeriya a ƙarshen 2016 da ta CBEX a Afrilun 2025 sun isa misali ga ɗalibin da ya fara riƙe waya.

Akwai abin kiyayewa. Idan darasi ya koma tallar buɗe asusu, ɗalibai da iyayensu za su gane nan take. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar OECD, wadda ke shirya Makon Kuɗi na Duniya a yanzu, suka nemi a raba ilimantarwa da talla.

Aikin kuma ya wuce ma'aikatan banki kaɗai. 'Yan Gure da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Kano ko Yamai su ne ke aiko da kuɗin cefane da na makaranta, su ne kuma ke asara idan an damfari na gida. Akanta ko ɗalibin jami'ar Damagaram da ya zo hutu zai iya ware awa guda a makarantarsa ta dā ko a fadar matasan unguwa, ya nuna yadda ake karanta takardar rance da dalilin da ya sa ba a faɗa wa kowa lambar sirri.