Asibitin Zana, 1996: Wa Ya Tambayi Iyayen Yaran?

Duk wanda ya yi wayo a Kano a bazarar 1996 ba zai manta da sanƙarau na shekarar ba. Zafi ya yi tsanani, ƙura ta turnuƙe gari, yaro zai kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, kafin gari ya waye wuyansa ya sandare. An ƙiyasta cewa mutum wajen 12,000 annobar ta kashe a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ciki suna yi wa yara allurar chloramphenicol kyauta, maganin da aka daɗe da sanin aikinsa a kan cutar.

Ana cikin haka ayarin kamfanin Pfizer ya sauka daga Amurka da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an ba shi lasisi ba. Suka ɗauki yara wajen 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone don a gwada wanne ya fi. Cikin 'yan makonni suka gama, suka haɗa kayansu suka tafi, annobar kuwa tana nan tana cin mutane. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki.

Kamfanin bai taɓa amsa laifi ba, kuma adalci ne a faɗi hujjarsa. Ya ce sanƙarau kansa yana kisa, yana kurmantar da wanda ya tsira, kuma yaran da aka yi gwajin da su sun fi sauran masu cutar tsira. Ni ma ban ce Trovan ne ya kashe yaran nan biyar ba. Babu wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da aka gaya wa iyaye, da abin da aka ɓoye musu, a lokacin da suka miƙa 'ya'yansu.

Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, ƙa'idojin Nuremberg suka sa yardar mutum, bisa sani kuma ba tare da tilas ba, a matsayin sharaɗi na farko kafin a yi gwajin magani a jikinsa. Sanarwar Helsinki ta 1964, da gyare-gyaren da suka biyo baya, ta ƙara cewa sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin gwajin tukuna. A Kano, babu takardar yarda da iyaye suka sa wa hannu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun amince da baki. Iyayen da suka je kotu suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya ce musu a cikin asibitin nan akwai masu ba da sanannen magani kyauta.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya dubi uwar da ta goyo ɗanta tun daga unguwa, jikinsa zafi zau, ba ya ko iya juya wuya. Ta ga mai farar riga. Abin da zai fito bakinta shi ne, likita ka taimake ni. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A al'adarmu ma ba a cika yi wa likita tambaya ba, ana ganin ya fi ka sani, tambayarsa kamar raini ne. Idan irin wannan uwa ta gyaɗa kai, ba ta zaɓi komai ba, domin ba ta san akwai zaɓi ba. Nauyin bayani yana ƙaruwa ne a kan likita gwargwadon tsoro da talauci da rashin karatun wanda ke gabansa.

Sai kuma wasu abubuwa biyu da suka fito daga baya. Na farko, an rage wa yaran da ke ɓangaren ceftriaxone yawan maganin ƙasa da yadda aka saba bayarwa. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne, amma duk wanda ya san gwaji ya san in ka raunana ma'auni, abin da kake aunawa zai fito da kyau. Na biyu, wasiƙar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an gano cewa bayan gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watan baya, zuwa lokacin da kwamitin ma bai wanzu ba. Jaridar Washington Post ce ta tono maganar gwajin a ƙarshen 2000. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce gwajin ya saɓa doka, amma rahoton bai fito fili ba sai 2006. Shi kuwa Trovan, a 1999 Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta.

Kada a ɗauka ina cewa a daina gwajin magani a kan yaranmu. Maganin yara sai an gwada shi a kan yara, kuma inda cuta take can ake gwada maganinta. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta kusan kawar da nau'in sanƙarau da ya addabi Kano a 1996, kuma sai da aka gwada ta a Mali da Gambiya da wasu ƙasashe, tare da neman izinin iyaye da dattawan gari. Nijeriya ma ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007, dokar lafiya ta 2014 kuma ta wajabta rubutacciyar yarda.

Amana dai in ta karye ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi a majalisa da masallaci. Jita-jitar cewa rigakafin yana hana haihuwa ƙarya ce, amma ta sami gindin zama a kan wani abu da ya faru da gaske. Cutar shan-inna ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka gurgunce.

A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce iyayen yaran da aka yi gwajin Trovan da su suna da hurumin kai ƙarar Pfizer, domin gwaji ba da yardar mutum ba ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. A shekarar ce kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, miliyan 35 daga ciki na waɗanda abin ya shafa. Aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta don tantance masu haƙƙi. A watan Agusta na 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, shekara goma sha biyar bayan sun binne 'ya'yansu.