Masu Romo a Ƙasar Biyetnam

A tsakiyar birnin Ho Chi Minh, wanda mutanensa har gobe suka fi kiransa Saigon, akwai wata tsohuwar kasuwar kayan miya a kan titin Ton That Dam. Tsakanin masu kifi da masu ganye wani siririn bene ya miƙe sama, a cikinsa gidan abincin Anan Saigon yake tun 2017. A watan Yunin 2023, da kundin Michelin ya fara tantance gidajen abinci a Biyetnam, gidaje huɗu kaɗai suka sami tauraro: uku a Hanoi, wato Gia da Tam Vi da Hibana by Koki, na huɗun kuwa shi ne wannan na cikin kasuwa. Gidan ya yi suna da kwanon pho na dala 100, wanda ake jera wa naman shanun wagyu mai ɗan karen tsada. In ka fito ka ɗan taka, za ka iske mace a bakin titi tana zuba pho ɗin a kan dala biyu ko uku, mutane na zaune a 'yan kujerun roba suna sha.

Tazarar kuɗin tana da yawa, amma aikin da ke ƙarƙashin kwanonin biyu iri ɗaya ne. Pho, wanda ake furtawa kusa da "fa", taliyar shinkafa ce a cikin romon ƙashin shanu, da yankan nama da ganye a kai. Taliyar yawanci saye ake yi daga masu yin ta, naman daga mahauta, ganyen daga kasuwa. Romon ne kaɗai ba a sayowa. Da shi ake gane gida, kuma mai haɗa shi ne ainihin mai sana'ar, ko da mai cin abinci bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Aikinsa yana farawa ne lokacin da gari ke barci. Ƙasusuwan ƙafa masu ɓargo da na gwiwa da wutsiya ake nema. Za a jiƙa su, a tafasa su na ɗan lokaci kaɗan, sannan a zubar da wannan ruwan farko gaba ɗaya. Baƙo in ya ga haka sai ya ji kamar an yi asara, alhali a cikin ruwan nan jini da ƙarni suke tafiya. A wanke kowane ƙashi da hannu, a wanke tukunyar, a sake ɗora sabon ruwa. Daga nan sai zaman jira, awa shida, takwas, wasu gidajen su kai goma sha biyu. Dokar da ɗan koyo ke fara haddacewa ita ce kada tukunya ta yi tafasar hauka. Wuta ƙasa-ƙasa ake so, ruwan yana ɗan motsi kawai, domin da zarar ya yi ɓulɓul da ƙarfi kitse ya gauraye da ruwa, romo ya yi duhu ya yi kauri, kuma babu dabarar da za ta mayar da shi garau. Shi ya sa mai romo ba ya nisa da murhu. Ludayi na hannunsa, yana kwashe kumfar da ke tasowa, yana duba wuta, yana ƙara ruwa kaɗan in ya ja baya.

A gefe guda ana gasa albasa da citta a kan garwashi, da ɓawonsu, har su yi baƙi su fara zubar da ruwa, sannan a kankare ƙunar a jefa su ciki. Kayan ƙamshi kuma a soya su a busasshen kasko: kirfa, kanumfari, wani ɗan itace mai siffar tauraro, da wani babban ƙwallo mai ƙamshin hayaƙi. A ƙulle su a ƙyalle, a saka, a kuma cire su kafin su mamaye komai. Wasu tsofaffin gidajen Hanoi suna ƙara busasshiyar tsutsar teku da suke kira sa sung, wadda ke ba romo wani garɗi. Sirrin gida yana cikin awo da lokaci, ba a rubuta shi, ɗa ne ke koya a wajen uba ko 'ya a wajen uwa, shekara da shekaru ana tsaye tare a bakin tukunya.

Sai kuma nuoc mam, ruwan kifi. Matsayinsa a girkin Biyetnam shi ne matsayin daddawa a miyarmu: wanda bai saba ba zai toshe hanci, wanda ya saba kuwa in babu shi sai ya ji abinci salam. Ƙananan kifayen teku ake jerawa da gishiri a manyan gangunan katako, kusan kashi uku na kifi kashi ɗaya na gishiri, a bar su wajen shekara guda, sannan a tace ruwan da ya fito ja-ja-wur. Na tsibirin Phu Quoc ya fi suna, har Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a 2012. Mai romo yana zuba shi ne can wajen ƙarshe, da ɗan dunƙulen sukari, yana ɗanɗanawa. A wannan ɗanɗanon ne gwanintar shekaru take bayyana.

Sana'ar ba ta tsufa can-can ba. A farkon ƙarni na 20 ta bayyana a arewacin ƙasar, tsakanin lardin Nam Dinh da birnin Hanoi, a zamanin mulkin mallakar Faransa. Manoma a da shanun huɗa suke ajiyewa, ba na yanka ba. Turawan mulki ne suka ƙara yawan yanka saboda son naman shanu, ƙasusuwa da tarkace suka yi araha, talaka ya sami abin dafawa. Masu talla suna saɓa sanda a kafaɗa, tukunya da murhu a gefe ɗaya, kwanoni da taliya a ɗayan, suna bin lunguna da asuba da dare. Mutanen ƙauyen Van Cu, musamman zuriyar Co, sun yi fice a wannan tallar, kuma har yanzu ana ganin sunan Co a allunan shaguna a Hanoi. A 1954 aka raba ƙasar gida biyu, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu da tukwanensu. A Saigon romo ya ƙara zaƙi, kwano ya ƙara girma, aka fara kawo farantin ɗanyen ganye da tsiron wake da miyar barkono a gefe. Mutumin Hanoi yana ganin wannan ɓata romo ne, shi dai a ba shi lawashi da ɗan barkono da lemun tsami. Gardamar nan ba ta mutu ba. Ni dai na fi karkata ga 'yan arewa, domin a kwanonsu mai romo ba shi da inda zai ɓoye kuskurensa.

Wanda ke son ganin sana'ar a fili ya tsaya kusa da mai zubawa da safe a wani shagon pho da ke titin Bat Dan a Hanoi, inda ake bin layi kowa ya ɗauki kwanonsa da kansa. Mai saye ba ya dogon bayani. Zai ce tai in yana son ɗanyen yanka, chin in dafaffe, nam ko gau in yana son na ƙirji mai ratsin kitse. Hannun hagu ya damƙi taliya ya jefa a 'yar rariya mai mariƙi, a tsoma a tafasasshen ruwa na ƙiftawar ido, a girgiza, a juye a kwano. Hannun dama ya jera nama. Ɗanyen an yanka shi siriri, an ɗan bubbuga shi da gefen wuƙa ya baje. A watsa lawashi. Sannan ludayi ya zo da romo mai tururi ya kwarara a kai, kana kallo naman zai juya daga ja zuwa toka-toka. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, aikin dare guda ke nan ya isa teburi. A titin Lo Duc kuma, Nguyen Trong Thin ya buɗe shagonsa a 1979 da wata bidi'a: ya soya naman da tafarnuwa a wuta mai ƙarfi kafin ya zuba romo. Abin da ya zama sabo a lokacin, yau shi ake kira gargajiya.

Bayan faɗuwar Saigon a hannun sojojin arewa a 1975, 'yan gudun hijira suka watsu, sana'ar ta bi su zuwa Kalifoniya da Paris da Sidni. Ga wanda ya sauka a baƙuwar ƙasa ba harshe ba jari, tukunyar romo ita ce abin da zai iya kafawa da iyalinsa, uwa a murhu, 'ya'ya suna kai kwano bayan makaranta. Daga cikin yaran wannan ƙaura ne gidan abincin zamani ya fito. Charles Phan, haifaffen garin Da Lat a Biyetnam, ya buɗe The Slanted Door a San Francisco a 1995. Ya ƙi yarda cewa abincin ƙasarsu sai a shago mai araha: ya nemi nama da ganye masu kyau daga gonakin yankin, ya ƙawata ɗaki, ya sa farashin da ya dace da wahalar. Ya rasu a Janairun 2025. Peter Cuong Franklin, mai Anan Saigon, shi ma ɗan Da Lat ne, mahaifiyarsa mai sayar da taliya. Ya bar ƙasar yana yaro a 1975, ya yi karatu a Jami'ar Yale, ya yi aikin banki, sannan ya ajiye ya shiga makarantar girki ta Le Cordon Bleu, daga baya ya koma gida. Sam Tran, matar da ke jagorantar girki a Gia, a Ostireliya ta goge kafin ta dawo Hanoi.

Abin da mai cin abinci zai gani a irin gidajen nan ya bambanta da na bakin titi. Ana kama wuri tun da kwanaki. Abinci na zuwa kaɗan-kaɗan, faranti bayan faranti, ma'aikaci yana bayanin kowanne. A Anan har akwai pho na loma ɗaya, an dunƙule romon ya fashe a baki. Akwai masu jin haushin wannan, suna cewa an ɗauki abincin lebura an mayar da shi na masu kuɗi da 'yan yawon buɗe ido. Ƙorafinsu yana da tushe, amma ina ganin akwai wani gefen. Shekara da shekaru duniya ta yarda a biya maƙudan kuɗi a kan romon Faransa ko taliyar Japan, ta kuma ɗauka cewa na Biyetnam dole ya zama mai araha, alhali awannin da ake kashewa a bakin tukunya ba su gaza ba. Arahar nan daga jikin wani take fita, daga barcinsa da bayansa da ƙafafunsa. Wanda ya tsaya ya ce wannan aiki ya cancanci kuɗi, ya yi wa sana'ar gata. Inda nake ƙin gidan zamani shi ne inda aka kashe kuɗi a fitilu da kujeru, a ɗakin girki kuwa aka jiƙa garin romo na leda, aka cika shi da farin magi. Harshe yana ganewa: zaƙin ya buge ka a cokalin farko, a na biyar ƙishirwa ta kama ka. Romon ƙashi na gaskiya a hankali yake shiga, kuma in ya huce a kwano za ka ga ya fara kamawa.

Gwamnatin ƙasar ma ta waiwayi masu wannan aiki. A watan Agustan 2024 ma'aikatar al'adu ta saka pho na Hanoi da na Nam Dinh a jerin kayan gadon ƙasa. Amma takarda ba ta tashi da ƙarfe uku na dare. 'Ya'yan masu shaguna da yawa sun yi karatu sun kama aikin ofis, hayar shago a tsakiyar birni tana hawa, kuma ba kowane matashi ne zai yarda ya shekara yana wanke ƙashi kafin a bar shi ya taɓa gishiri ba. A nan gidajen zamani suna da amfani, domin sun sa saurayi ko budurwa na iya cewa girki ne sana'ata ba tare da jin kunya ba.

Musulmin da ya je ci sai ya yi tambaya, ko da kwanon na naman shanu ne. Wasu gidajen suna haɗa ƙashin alade a tukunya don ƙarin zaƙi, yankan ma ba lallai na Musulmi ba ne, gidajen zamani kuma sukan sa giya a wasu girke-girken. A Saigon akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham da suke riƙe da wannan sana'a, ana samun shagunan halal a kewayen babban masallacin titin Dong Du, wanda aka gina a 1935, da kuma titin Nguyen An Ninh kusa da kasuwar Ben Thanh, inda baƙi daga Malesiya suka fi sauka. A Hanoi sai a nemi bayani a masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc. A je da sassafe, domin shagunan pho da yawa tukunya ɗaya suke ɗorawa, in ta ƙare sun rufe sai gobe.