Gajimaren da farin wata ke ɓoyewa

Lokacin ɗari, bayan sallar lisha, ku fita bayan gari ku ɗaga kai. A Magarya ko Dungas za ku ga Kaza da ƴaƴanta can sama. Gabas da ita, ta wajen kudu, akwai taurari uku da suka jeru reras. Kusa da su kuma akwai wasu ƙanana uku. Ku dubi na tsakiyar ƙananan nan da kyau. Ba ya da kaifi kamar sauran, sai ka ce hayaƙi ya rufe shi.

Wannan wani babban gajimare ne na iska da ƙura. Masana suna ce da shi gajimaren Oriyon. A cikinsa ne sababbin taurari ke haihuwa. Yana da nisa ƙwarai: haskensa yana yin shekara fiye da 1,300 a hanya kafin ya iso idonmu. Hasken wata kuwa, daƙiƙa ɗaya da ƴan kai ya ishe shi.

Idan wata ya kwana 14, gajimaren nan sai ya dushe. Bai tafi ko'ina ba. Hasken wata ne ke watsuwa cikin iskar da ke bisa kanmu, sararin sama ya yi fari. Ku tuna da fitilar da aka kunna da rana tsaka. In akwai hazo, abin ya fi muni, don ƙurar hunturu tana ƙara watsa hasken.

To, yaya ake ɗaukar hotonsa? Ido ba ya tara haske, amma na'urar hoto tana tarawa, kamar tulun da aka ajiye ƙarƙashin indararo. Wani likita a Amurka, Henry Draper, shi ya fara ɗaukar hoton gajimaren nan a 1880. Ya bar na'urarsa buɗe wajen minti 50. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai.

Amma a daren farin wata, tulun yana cika da hasken wata tun gajimaren bai fito ba, hoton ya yi fari fat. Saboda haka masu sha'awar taurari na yau suna da dabara. Suna sa wani gilashi a bakin na'urar, mai tace haske kamar rariya. Jan hasken da gajimaren ke fitarwa yana wucewa, yawancin na wata kuwa ya tsaya waje. Sa'an nan su ɗauki gajerun hotuna da yawa, su haɗa su a kwamfuta su zama ɗaya. Duk da haka, hoton daren duhu ya fi kyau.

Ku gwada da idonku. Ku dubi gajimaren ran da wata ya kwana 14, ku sake dubansa ran da ya kwana 25, lokacin da ba ya fitowa sai goshin asuba. Ku zana abin da kuka gani, ku kawo wa malam.