Daga Gaɓar Tekun Ingila Zuwa Hanyar Bici: A Ina Za Mu Tsaya Mu Hango Dala?

Duk wanda ya tashi a Bici ya san hanyar Kano kamar yunwar cikinsa. Ka shiga mota a tasha, ka keta gonaki da ƙauyukan da ke manne da juna, ka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, sai Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, kafin ka ankara ga ka a Ƙofar Ruwa. To amma a daidai wane wuri ne matafiyin da ya fito daga arewa yake fara hango Dutsen Dala? Na sha yi wa direbobi da ɗalibai wannan tambaya, kuma da wuya mutum biyu su ba da amsa ɗaya. Mafi yawansu dariya suke yi, su ce ai mai lura da cinkoson Kurna ba shi da idon neman dutse.

Fataken da ba su ɗauki wannan tambaya abin dariya ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, Dala da Goron Dutse kuwa su ne tuddan da suka ɗaga kai a cikin birni, don haka ganinsu shi ne bushara ga ayarin da ya kwana yana tafiya, cewa zango na ƙarshe ya ƙarato. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ta Bici ya biyo daga Katsina a farkon watan Fabrairu na 1851, ya kuma shiga Kano ranar 2 ga watan. Ya yaba da tsayin ganuwar garinmu da irin kulawar da ake yi mata, da yalwar itatuwan da suka kewaye ta. Da ya huta, bisa Dala ya hau ya zana birnin, zanen da har yau ake bugawa a littattafan tarihi.

Abin da ya sa wannan magana ta tsaya mini a rai, wata tafiya ce da na yi da ƙafa a ƙasar da ba ta da kama da tamu ko kaɗan. Lokacin da karatu ya kai ni kudu maso yammacin Ingila, wani abokin karatuna ya matsa sai mun je yawon gaɓar teku. Muka haye ruwa a ƙaramin jirgi daga Plymouth zuwa Cremyll, muka kama wata 'yar turba da ke bin leɓen tudu, teku na hannun hagu, makiyaya na hannun dama, muka ratsa ƙauyen masunta na Cawsand, har muka isa wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, ana kiransa Rame Head. A samansa akwai kangon wani ƙaramin ɗakin ibada na dutse da ya haura shekara ɗari shida. A nan abokina ya miƙa hannu kudu ya ce in duba. Da farko ban ga komai ba sai ruwa ya haɗu da sama. Can sai ga wani siririn abu a tsaye kamar karan dawa guda da aka manta a gona bayan girbi. Da na ɗora madubin hangen nesa, sai na ga hasumiya ce, kusa da ita kuma ga wani guntun kututture baƙi. Hasumiyar fitila ta Eddystone ke nan, a bisa duwatsun da ke tsakiyar ruwa, kimanin kilomita 14 daga inda muke tsaye.

Ga wanda bai saba da teku ba, aikin irin wannan hasumiya shi ne haska fitila da dare don matuƙa jiragen ruwa su san inda haɗari yake, su kuma gane inda suke. Kowace tana da nata salon walƙiya; ta Eddystone sau biyu take ƙyaftawa a cikin kowace daƙiƙa goma. Duwatsun nan kuwa, da yake ruwa kan rufe yawancinsu idan ya cika, sun daɗe suna cin jiragen da ke nufin tashar Plymouth.

Tarihin ginin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin hasumiyar da na hango ba ita ce ta fari ba. Wani mai suna Henry Winstanley ne ya fara kafa ta katako, aka kunna ta a 1698. Ana cikin aikin wani jirgin Faransa ya kama shi, domin ƙasashen biyu suna yaƙi, amma Sarki Louis na 14 ya sa aka sake shi, saboda fitilar teku ba ta tambayar tutar jirgin da take ceto. A watan Nuwamba na 1703 wata gagarumar guguwa ta share hasumiyar, ta tafi da Winstanley da mutanen da ke tare da shi. Sai wani ɗan kasuwar alharini, John Rudyerd, ya gina wata, ta yi kusan shekara hamsin kafin gobara ta cinye ta a 1755. A daren gobarar, wani tsoho mai gadin fitila, Henry Hall, ɗan shekara 94, ya ɗaga kai yana watsa ruwa, narkakkiyar dalma ta zubo daga rufi ta shige masa baki. Ba a gaskata shi ba sai bayan ya rasu aka ciro curin dalmar daga cikinsa.

Daga nan ne John Smeaton ya karɓi aikin. Ya yi wa hasumiyarsa gindi mai faɗi da ke tsukewa zuwa sama, yadda babbar bishiya take (mu da muka san kuka ba ma buƙatar dogon bayani), ya sassaƙa duwatsu yadda kowanne zai saƙala a jikin ɗan uwansa, ya kuma gano irin farar ƙasar da ke daskarewa a cikin ruwa, binciken da ya share fagen simintin da muke gini da shi a yau. Aka kunna ta a 1759, da kyandir 24 kacal. Ta yi shekara fiye da ɗari da ashirin, kuma ba ita ta gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashinta ne ruwa ya fara ci. Sai aka gina wadda ke tsaye yanzu, mai tsayin mita 49, a ƙarƙashin jagorancin James Douglass, aka buɗe ta a 1882. Mutanen Plymouth suka ƙi yarda a zubar da tsohuwar cikin teku. Aka kwance samanta dutse bayan dutse, aka sake ɗora shi a filin shaƙatawar garin, gindin kuwa ya gagari masu rushewa, shi ne kututturen da na gani. Tun 1982 babu mai gadi a Eddystone, na'ura ce ke kunna fitilar.

Duk da daɗin wannan labari, ba hasumiyar ce ta fi ba ni mamaki ba. Turbar da na tsaya a kai ita ce ta fi. Hanya ce mai tsawon mil 630, fiye da kilomita dubu, daga Minehead zuwa Poole. Asalinta sawun dakarun gaɓa ne da ke sintirin kama 'yan fasa-ƙwauri. Da wancan aiki ya ƙare, ba a bar masu gonaki da masu gina gidaje sun haɗiye ta ba. Dokar da majalisarsu ta yi a 1949 ta buɗe ƙofar kafa irin waɗannan dogayen hanyoyin ƙafa, aka yi ta haɗa guntayenta har aka kammala a 1978. Ba mai zuwa Eddystone sai ma'aikatan gyara a jirgi mai saukar ungulu. Jama'a daga nesa suke ganinta, kuma da babu inda za su tsaya, da ta zama abin da matuƙa jirgi kaɗai suka sani. A Landan ma akwai ƙa'idar gini da ta hana dogayen benaye tare wa mutane ganin ƙubbar majami'ar St Paul daga wasu tuddai da aka ayyana.

A nan ne nake ganin muka yi sake. Mu ma muna da namu hasumiyoyin, ko da yake tekunmu na ƙasa ne da rairayi. Ga Gobarau a Katsina, ginin ƙasa da masu tarihi ke dangantawa da ƙarni na 15, wadda ta yi aikin masallaci da makaranta, ta kuma yi aikin hangen mahara. Ga hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, wadda ayarin Azbinawa ke nufa idan sun fito daga hamada. Ga kuma Dala, wanda ba hannun mutum ya gina shi ba, amma a gindinsa Kano ta tsiro. Idan aka tashi maganar kare su, hankalinmu kan tsaya a jikin abin kansa: a yi yaɓe, a gyara matakala, a kafa allo. Ba mu cika tuna cewa an san waɗannan abubuwa ne da hange ba. Hasumiyar da benaye suka yi wa ƙawanya, ko da ba a taɓa tubalinta ko ɗaya ba, ta rasa rabin ma'anarta, domin yaron da aka kai gindinta ba zai taɓa fahimtar abin da ya sa madugu ke murna da ganinta ba.

Abin takaici shi ne turbar da ta fi dacewa da hangen Dala muna da ita tun tuni. Ganuwar Kano ce, wadda Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su a sahun kayan tarihi na duniya. Amma duk mai bin gefen badala ya ga abin da ake ciki: nan an ɗebe ƙasa an yi tubali, can an dasa shago, gaba kaɗan bola ce. Da an kiyaye ko da zangon da ke tsakanin ƙofa biyu ko uku, aka share shi don masu tafiya da ƙafa, da malamin makaranta ya sami inda zai tsayar da ɗalibansa ya nuna musu birnin da Barth ya zana.

A karkararmu ma haka zancen yake, sai dai ya fi tafiya a ɓoye. Ƙasar Bici cike take da jama'a, gona na jingine da gona, gado kuma yana ta tsinka su ƙanana. Burtalin da shanu ke bi, wanda shi ne kuma hanyar mai zuwa cin kasuwa, kowace damina sai an ɗan ci gefensa da garma, har ya zama jaki mai mangala ba ya wucewa. Rimi da kukar da ake kwatance da su (a ce idan ka kai rimin nan ka karya dama) suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a dasa madadinsu. Kowa ya san irin rigimar da toshe burtali ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi, don haka wannan ba zancen masu yawon buɗe ido ba ne kawai.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: mutanen da ke fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, ina ruwansu da hangen dutse? Kuma wanda ya gina gida a Kurna ba don ƙin tarihi ya yi ba, wurin kwana yake nema wa iyalinsa. Wannan gaskiya ne, ba kuma na kiran a rushe wa kowa gida. Sai dai Turawan da suka kwashe hasumiyar Smeaton zuwa tudu ba a cikin aljanna suke ba. Plymouth ta wancan zamani tana da nata matalautan. Kuma abin da nake nema bai kai tsadar gadar sama guda ba. Aiki ne na awo da rubutu da doka: masu tsara birni su zaɓi wurare uku ko huɗu da har yanzu ake iya ganin Dala da Goron Dutse sarai, su ƙayyade tsayin ginin da za a yi a tsakani, kafin wanda ya riga ya sayi fili ya zuba harsashi. Hange idan ya toshe da bene mai hawa biyar, sai dai jikoki su ji labari.

Akwai kuma abin da ba sai an jira hukuma ba. A Bici muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, a Kano ga Jami'ar Bayero da sashenta na tarihi da na nazarin ƙasa. Me zai hana ɗalibai su zauna da dagatai da masu unguwanni da dattawan da suka yi fatauci da jakuna, su tambaye su ta ina tsohuwar hanyar Katsina ta bi, ina aka yi zango, wace rijiya aka sha? Wayar da ke aljihun kowannensu tana iya ɗaukar taswirar duk inda suka taka. Masu wannan sani suna ƙarewa, kuma babu littafin da ya tattara shi.

Tafiyar ba ta fi ƙarfin matashi ba. Tsakanin Bici da Kano tafiyar yini guda ce ga mai sammako. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke sararin sama, kafin hazon hunturu ya sauko ya rufe komai, gero an girbe, dawa ta sunkuya. Su ɗauki ruwa da littafin rubutu, su bi burtali inda ya rage, su nemi izinin mai gona inda ya ɓace. Inda duk idon ɗayansu ya fara faɗawa kan Dala, su tsaya su rubuta sunan ƙauyen da na mai unguwarsa, su dasa rimi a wurin.